Joan Joyce da zamanin da ake buga sofbol ba albashi

A garin Stratford na jihar Connecticut, can gabashin Amurka, an yi wani kamfani mai suna Raybestos wanda sana'arsa ƙera kayan birkin mota. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa tsakiyar shekarun 1970, in lokacin zafi ya kama, da yamma sai ka ga magidanta da matansu da 'ya'yansu sun nufi filin wasan da kamfanin ya gina kusa da masana'anta. Su sayi tikiti, su cika benci, a kunna fitilu. 'Yan matan ƙungiyar Brakettes suke zuwa kallo, kuma a cikinsu akwai wata doguwa mai suna Joan Joyce, wadda in aka ce ita ce za ta yi jifa a daren, baƙin da suka zo karawa tun a mota sun san da wuya su ci ko ɗaya. Kaka 22 ta yi tana wannan wasa a matakin ƙoli, daga 1954 zuwa 1975, kuma ko sisin kwabo ba a taɓa biyanta da sunan albashi ba.

Sofbol ƙanwar besbol ce, wasan nan da Amurkawa ke ji da shi. Mai jifa yana tsaye a tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo. Mai sanda yana tsaye a gida, burinsa ya maka ta ta yi nisa, ya ruga ya zaga zango uku ya dawo gida kafin masu tsaron fili su tsinto ta su riga shi. Duk wanda ya dawo gida lafiya, an ci ɗaya. In mai sanda ya kuskure jifa mai kyau sau uku, ya fita. In mutum uku suka fita sai a yi musanya, masu tsaro su karɓi sanda. Kowane ɓangare ya yi bugu sau ɗaya, turmi ɗaya ke nan, kuma turmi bakwai ake yi. Inda ta rabu da besbol shi ne ƙwallon ta fi girma, filin ya fi ƙanƙanta, sannan daga ƙasa ake jifa, hannu ya biyo ta gefen cinya, ba a ɗaga shi ya haura kafaɗa.

A Shikago aka faro ta, cikin watan Nuwamba na 1887, a zauren wani kulob na masu tuƙa kwale-kwale. Wasu samari ne suka ƙulle safar dambe da igiyarta ta dunƙule, suka ɗauko sandar tsintsiya, wani ɗan jarida mai suna George Hancock ya zana musu fili a daɓe, daga baya ya tsara dokoki. Ba ta game ƙasa ba sai a 1933, da aka shirya gasa a bikin baje-kolin duniya na Shikago, aka kuma kafa hukumar da ke kula da masu buga ta don sha'awa. Lokacin tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wasan kuwa ya yi wa talaka daidai. Ba ya cin fili, ba ya cin kaya, awa ɗaya da 'yan mintoci an tashi, ga fitilu an kakkafa, ma'aikaci ya taso aiki ya ci abincin dare ya fito.

Masu masana'antu ba su yi barci ba. Kamfani ya kafa ƙungiya, ya ɗinka mata riguna da sunansa a ƙirji, ya biya kuɗin mota da masauki, in ya hango gwani a wani gari ya nema masa gurbin aiki don ya taso ya zo ya buga. Talla ce mai araha, kuma tana sa ma'aikaci ya ji kamfanin nasa ne. A Fort Wayne, Fred Zollner mai ƙera fistin na injin mota ya riƙe ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa na maza sau uku a jere, daga 1945 zuwa 1947, kuma ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando ita ce ta zama Detroit Pistons ta yau. Wanda ya tashi ya ga DIC Bees a Kaduna ko BCC Lions a Gboko ya san irin wannan aure tsakanin masana'anta da filin wasa, ya kuma san yadda yake mutuwa in masana'antar ta kwanta. A Stratford, William Simpson, ɗaya daga cikin manyan Raybestos, shi ya kafa ta mata a 1947, ya kuma ɗauke ta tamkar 'yarsa.

An haifi Joan a ranar 18 ga Agusta 1940 a Waterbury, garin masana'antun tagulla da ke arewa da Stratford. Mahaifinta ɗan wasa ne, a gefen fili ta yi wayo. Ba ta cika shekara 14 ba ta shiga Brakettes a 1954. A wannan shekarar ce kuma gasar besbol ta mata mai albashi, wadda attajiri Philip Wrigley ya kafa a 1943 lokacin da maza suka tafi yaƙi, ta rufe ƙofa. Wato yarinyar tana shigowa, hanyar da mace za ta ci abinci da jifan ƙwallo tana toshewa. A lokacin jami'o'i ba sa ɗaukar nauyin karatun 'ya mace don ta iya wasa. Gasar yara ta Little League ba ta karɓi mata ba sai a 1974. Donna Lopiano, wadda daga baya ta zama abokiyar jifan Joan a Brakettes, an zaɓe ta a ƙungiyar yaran garinsu saboda ta fi mazan iyawa, tana kan layin karɓar riga aka buɗe littafin doka aka nuna mata cewa ba a yi da mata. Ga irin waɗannan yara, ƙungiyar kamfani ita ce makaranta, ita ce jami'a, ita ce kuma ƙungiyar ƙasa.

A 1956 Simpson ya ɗauko wata mata daga Kalifoniya, Bertha Ragan, wadda daga baya aka fi sani da Bertha Tickey. Shekararta 33 a lokacin, ta riga ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama tare da ƙungiyar Orange Lionettes, har masu shirya fim na Hollywood sun taɓa ɗaukar ta ta koya wa tauraruwa Lana Turner jifa. A ce mai shekara 33 ta zo ƙarasa kwanakinta ne a fili, amma sai da ta ƙara kaka goma sha biyu. Ta ajiye ƙwallo a 1968 tana da shekara 45, ga jikoki, bayan ta ci wasa 757 an ci ta 88. Ko a gasar ƙasa ta shekararta ta ƙarshe, sai da ta yi wasan da ba wadda ta taka zangon farko. A gaban wannan mata Joan ta durƙusa ta koyi sana'a, kuma a dalilinta ta fito fili. A gasar ƙasa ta 1958 Bertha ta ji ciwo ana tsakiyar wasa, aka miƙa wa yarinyar ƙwallo, ta ƙarasa ba tare da an samu bugu ko ɗaya a kanta ba. Shekarar ce Brakettes suka fara ɗaukar kofin ƙasa.

Jifan nata abin a tsaya a duba ne. Galibin masu jifa a yau sukan juya hannu ne ya yi zagaye cikakke kafin su saki ƙwallo. Joan ba ta yin haka. Tana tsayawa ƙafafu biyu a kan alama, ƙwallo a ɓoye cikin safar fata a gabanta, sai ta ja hannun dama baya ya yi sama har ya kusa miƙewa, jikinta ya karkace, sannan ta yi taku ɗaya mai tsawo ta fizgo hannun ya wuce ta gefen cinya. A nan wuyan hannu da yatsu ke yin aikinsu. In ta murza ƙwallon ta sama, sai ta taho kamar za ta wuce ta ƙugu, tana isowa ta nutse ƙasa. In ta murza ta ƙasa, sai ta riƙa hawa, mai sanda ya kai duka a ƙirji ita kuwa ta wuce ta haɓa. Tsakaninta da mai sanda kusan mita 12 ne, takun nan nata ya ƙara cinye wani abu a ciki, gudun ƙwallon kuma ya haura kilomita 110 a awa. Ƙasa da rabin sakan ke gare ka ka gane wace iri ce, ka yanke shawara, ka kai sanda. Masu bugu da yawa sai ƙarar faɗawarta a safar mai cafewa suke ji.

Lissafin da aka tara mata kamar ƙarya. Ta ci wasa 753, an ci ta 42. Sau 150 tana gama wasa ba a samu bugu mai kai mutum zango a kanta ba, kuma 50 daga ciki ko ta hanyar kuskure ba wadda ta taka zangon farko. A 1974 kaɗai ta ci wasa 42, a 38 daga ciki ba a ci ta ko ɗaya ba. A 1968 an yi wani wasa da ƙungiyar garin Perkasie da ya ƙi ƙarewa, ta yi turmi 29 tana jifa, wato fiye da wasa huɗu a tsaye ɗaya. Ranar da ba ita ke jifa ba kuwa tana tsaron zangon farko, kuma shekaru da dama ita ce kan gaba a bugu a ƙungiyar. In hunturu ya shigo ta koma ƙwallon kwando, inda ta buga wa Amurka, ta kuma taɓa jefa maki 67 a wasa ɗaya.

Amma in ka tambayi Ba'amurke abin da ya sani game da ita, labari ɗaya zai ba ka. A watan Agusta na 1961 an shirya wasan tara kuɗi don yara masu ciwon daji a filin Waterbury, mutum kusan 17,000 suka hallara. Babban baƙo shi ne tauraron besbol Ted Williams na Boston Red Sox, wanda da yawa ke cewa ba a taɓa yin mai bugu kamarsa ba. A 1941 cikin kowane zuwa goma sai ya samu bugu mai kyau huɗu, kuma har yau ba wanda ya sake kai haka a kaka guda. Aka ce ya tsaya wa yarinyar garin, 'yar shekara 20. Minti goma zuwa sha biyar tana jifa yana kai wa iska duka, 'yan ƙalilan ɗin da ya taɓa ma gefe suka yi, daga ƙarshe ya yar da sanda ya bar wurin. An ruwaito cewa bayan shekaru, da aka tambaye shi mai jifan da ya fi ba shi wuya, ita ya ambata. A 1978 ta maimaita wa wani tauraron besbol, Hank Aaron, irin wannan.

Labarin yana da daɗi, amma ni yana ba ni haushi kaɗan. Williams ya yi shekara guda da barin wasa, ya haura 40, kuma duk rayuwarsa ƙwallon da ke gangarowa daga sama ya saba duka, daga nisan mita 18. An kawo masa wadda ke tasowa daga gwiwa a mita 12, ina zai gan ta? Eddie Feigner, wani mai jifan sofbol da ke yawon nuna bajinta gari-gari, a 1967 ya fitar da manyan taurarin besbol shida a jere ta wannan hanya. Matan da Joan ke fuskanta kowane mako, waɗanda suka san jifanta, suka kwana suna tunanin yadda za su karya shi, su ne ma'aunin gaskiya, kuma su ta yi shekara ashirin tana hana wa sakat. Sai ga shi minti goma da namiji ya rinjayi wannan duka a bakin mutane.

Me ya sa matan nan suka daɗe haka a fili? Dalili na farko a kafaɗa yake. Jifa ta sama yana cin gwiwar hannu da kafaɗa, shi ya sa ƙwararren mai jifan besbol in ya yi wasa ɗaya sai ya huta kwana huɗu. Jifa ta ƙasa ya fi bin yadda aka halicci hannu. Likitocin wasanni na yanzu suna gargaɗin cewa shi ma yana da tasa illar, kuma gaskiyarsu, amma a wancan zamani mace ɗaya takan yi jifa a wasa biyu ko uku a yini, ta tashi gobe ta ci gaba.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne rashin kuɗin kansa. Inda ake biyan albashi, akwai mai lissafi a ofis da ke duban shekarunka, ranar da ya ga yaro mai araha zai iya rabin abin da kake yi, ya sallame ka. Inda ba a biya, ba wanda ke da takardar sallama. Muddin hannunka na aiki kuma kana son zuwa, gurbinka na nan. Da yawa daga cikin 'yan Brakettes malaman makaranta ne, domin dogon hutun makarantu ya faɗo daidai da kakar wasa. Wasu a ofisoshin kamfanin suke aiki. Joan kanta koyarwa da horar da ɗalibai ta riƙa yi. Wasan bai zama abin da ake ci da shi ba, don haka bai zama abin da ake kora daga gare shi ba, mutum ya gina sauran rayuwarsa a gefe, ya riƙa dawowa duk shekara har jiki ya ce ya isa.

Kada dai a mai da wannan abin yabo fiye da kima. Filin yana cika, ana sayar da tikiti, sunan kamfani yana shiga jaridu, ita kuwa wadda aka zo kallo dominta sai kofi da hoto. Da namiji ne mai wannan baiwa a besbol, da ya yi gidaje. Dokar wasan sha'awa ta ma haramta mata karɓar kuɗi, ko da wani ya so ya ba ta. Daɗewar da ta yi a fili da kuma hannu wofi da ta fita da shi, uwarsu ɗaya.

Sau ɗaya ta bar Stratford. Daga 1964 zuwa 1966 ta tafi Kalifoniya karatu a kwalejin Chapman, ta buga wa Orange Lionettes, tsohuwar ƙungiyar Bertha, ta kuma ɗauki kofin ƙasa da su a 1965. A shekarar ne aka yi gasar duniya ta farko ta mata a Melbourne, Brakettes suka wakilci Amurka ba tare da ita ba, Ostareliya ta doke su da ci ɗaya mai ban haushi. Haka tsarin yake a lokacin, ƙungiyar da ta ɗauki kofin ƙasa ita ke sa rigar ƙasa, ma'aikatan kamfanin birki su tsaya a buga musu taken Amurka. Sai a 1974, da aka kawo gasar duniya har gida Stratford, Amurka ta fara ɗaukar kofin. Mutum fiye da 10,000 suka shaida wasan ƙarshe da Japan, Joan ce ta yi jifa, tana da shekara 33 zuwa 34, kuma duk gasar ba a ci ta ko ɗaya ba. Mai horar da su Ralph Raymond ne, wanda a hannunsa ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙasa sau takwas a jere daga 1971 zuwa 1978.

Lokacin da ake wannan biki, ƙasar da ƙungiyoyin kamfani ke tsaye a kai ta riga ta fara zaizayewa. A watan Yuni na 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji, har da fagen wasanni. Sannu a hankali jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata, suka fara biya wa gwanaye kuɗin karatu. Yarinya mai hannu irin na Joan ba ta ƙara buƙatar mai masana'anta ya ɗauke ta ba. Masana'antun ma nasu ya ishe su. Raybestos da asbestos yake aiki, ƙararrakin waɗanda ƙurarsa ta lalata wa huhu suka yi masa rubdugu, ya janye hannu daga ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1980, aka rufe masana'antar Stratford a 1989. Daga baya hukumar kare muhalli ta Amurka ta gano cewa sharar kamfanin, mai ɗauke da asbestos da dalma, an yi ciko da ita a wurare da dama cikin garin, har da tsohon filin wasan. Ƙungiyar dai ta rayu a hannun wasu masu ɗaukar nauyi, ta koma wani fili, ta kai kofin ƙasa 28.

Joan ta gwada neman haƙƙin guminta. A 1976 ita da 'yar wasan tanis Billie Jean King da 'yar wasan golf Jane Blalock suka haɗa kai da wasu aka kafa gasar sofbol ta mata mai albashi. Ƙungiyarta, Connecticut Falcons, ta ɗauki kofin duk shekara huɗun da gasar ta yi a raye, sannan kuɗi suka ƙare aka watse a 1979. Kafin nan ta riga ta hango inda iska ta dosa. Ta haura shekara 35 ta ɗauki sandar golf da gaske, a 1977 ta samu shiga gasar ƙwararrun mata, inda abokan karawarta tun suna yara suke bugawa. Shekara 19 ta yi a can. Ba ta taɓa ɗaukar kofi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, amma a 1982 ta zaga ramuka 18 da bugun gangarawa 17 kacal, alhali gwanaye kan yi kusan 30, abin da ya shigar da ita kundin Guinness.

Da aka sa sofbol a gasar Olamfik a 1996, Joan tana da shekara 55. Ralph Raymond ne ya jagoranci Amurka ta ɗauki zinare, kuma wadda ta yi bugun da ya raba gardama a wasan ƙarshe da China tsohuwar 'yar Brakettes ce, Dot Richardson, likitar ƙashi mai shekara 34 da ta ɗauki hutu daga asibiti ta zo. Ta sake ɗaukar zinare a Sydney a 2000 tana da 39. Ita ce kusan ta ƙarshe a wannan jeri na masu sana'a da rana, wasa da yamma. A yau gasar jami'o'i da ake yi a Oklahoma City miliyoyi ke kallonta a talabijin, kuma a 2024 wata mai jifa, NiJaree Canady, ta koma jami'ar Texas Tech kan yarjejeniyar da ta haura dala miliyan ɗaya a shekara. Madalla da wannan. Sai dai mafi yawan takwarorinta da sun karɓi digiri suna da shekara 22, shi ke nan sun gama, a shekarun da Bertha ko rabin tafiyarta ba ta yi ba.

Doguwar tafiyar yanzu a wajen tsofaffi take. A St. Petersburg ta jihar Florida, garin da masu ritaya ke gudun sanyi su tare, wata mata Evelyn Barton Rittenhouse ta kafa wani kulob tun farkon shekarun 1930, ana kiransa Kids and Kubs, sharaɗin shiga a lokacin shi ne mutum ya kai shekara 75. Shekaru da dama da farin wando da farar riga da ɗan baƙin laƙataye suke fita fili, kuma wani daga cikinsu, George Bakewell, ya haura shekara 100 yana riƙe sanda. Da can abin dariya da sha'awa ne ga masu yawon buɗe ido. Daga ƙarshen shekarun 1980 ya zama harka babba. A 1987 aka fara gasar tsofaffi ta ƙasa a St. Louis da kuma ta Huntsman a St. George ta jihar Utah, a 1988 Bob Mitchell ya kafa hukumar sofbol ta tsofaffi a Sacramento. Galibi ana farawa daga shekara 50, a rarraba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar har sama da 80.

Dokokinsu kaɗai sun isa su nuna maka masu hankali ne suka zauna suka tsara. Jifan a hankali ake yinsa, ƙwallo ta yi sama ta gangaro kan wata 'yar shimfiɗa, in ta faɗa a kai jifa ya yi kyau, ba gardama da alƙali. Zangon farko biyu ne a manne, ɗaya na mai gudu ɗaya na mai tsaro. Gida ma biyu ne, mai gudu ya nufi nasa, mai cafewa ya tsaya a nasa, don kada tsoho ya yi karo da tsoho a kwashi wani zuwa asibiti. Akwai layin da in ka tsallake shi ba komawa baya. Wanda ya iya bugu amma ƙafa ta ƙi, in ya lallaɓa ya kai zango sai wani ya karɓar masa gudun. In ɓangare ɗaya ya ci biyar a turmi sai a yi musanya, kada a bar dattawa tsaye a rana. Mai jifa kuma da abin kare fuska yake tsayawa, domin sandunan yanzu suna mayar da ƙwallo da ƙarfin da idon ɗan shekara 70 ba zai riga shi ba. Da wannan sai ka tarar da mutumin da ya fara buga wa ƙungiyar masana'antarsu yana saurayi, masana'antar ta rufe, garin ya canza, shi kuwa yana nan yana biyan kuɗin mota da masauki daga fanshonsa don ya je gasa a wata jiha. Kofin da zai samo zobe ne ko riga.

Joan ba ta bi wannan layi ba. A shekarun da sa'o'inta ke neman ƙungiyar tsofaffi, ita sabon aiki ta ɗauka. A 1994 jami'ar Florida Atlantic da ke Boca Raton ta kira ta ta kafa mata ƙungiyar sofbol daga tushe, ba 'yan wasa, ba tarihi. Ta tara yara, suka fara gasa a 1995, ta kuma haɗa da horar da 'yan golf mata na jami'ar shekaru masu yawa. Yaran da ta horar a ƙarshe ta yi jika da su, kuma an haife su ne bayan an rufe masana'antar Stratford. A watan Maris na 2022 ƙungiyar ta ci wasa na 1,000 a ƙarƙashinta. Bayan 'yan kwanaki, ranar 26 ga watan, ta rasu tana da shekara 81, kakar wasa tana tsaka, mataimakanta suka ƙarasa sauran wasannin.